Tire Ɗaya Muke Ci

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aikin gadi a Doha ba, ina zaune a unguwar Najma, a wani ɗaki da muke kwana mu shida. Gadajen masu hawa biyu ne, kowa da labulensa, akwatinsa a ƙarƙashin gado. Ni nake sama, abokina yana ƙasa, kuma ba ƙuri'a aka jefa ba. Ranar da ya tare ya tsaya yana kallon ɗan tsanin gadon, ni kuma ina kallonsa. Ban jira an roƙe ni ba na kwashe kayana na haye sama.

Direban bas ne, yana kai ma'aikatan wani kamfanin gine-gine wurin aiki ya dawo da su. Tun daga gida mai jiki ne, Doha kuma ta ƙara masa. Ni kuwa Allah Ya yi ni siriri kamar tsinken tsire. In muka jera za mu masallaci, 'yan ɗakinmu sai su ce a yi a hankali kada iska ta ɗauke ɗaya ta bar ɗaya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne tire ɗaya muke ci, kuma wallahi na fi shi loma. Abincin ma ba wani zaɓi ne da mu ba. Shinkafa ce da mai a ɗan gidan abincin da ke ƙasan benenmu, sai kubus, wato burodinsu mai faɗi, sai shayin karak da ake zabga wa madara da suga. Shi ne mai arha, shi ne mai riƙe ciki. Kicin ɗaya ne ga gidan gaba ɗaya, kafin layi ya zo kanka barci ya riga ya ci ƙarfinka. Wanda ya wuni a kujerar mota ko a tsaye bakin ƙofa, in ka ce masa ya dafa ganye ya fita motsa jiki a zafin Doha, kallonka kawai zai yi.

A gida kuwa ƙibarsa abin alfahari ce. In ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo, ina jiyo ta daga saman gado tana cewa, "Masha Allah, ƙasar nan ta karɓe ka. Ka ga wuya har ya yi ninki." Mahaifiyata kuma kullum tambayarta ɗaya: "Wai kai ba sa ba ku abinci ne a can?" Har cewa ta yi in riƙa zama kusa da abokina ko zan kwashi albarka.

Muna da wata ƙungiya ta 'yan Arewa mazauna Doha, da asusun taimakon juna. Kowane wata kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa, direbobi da masu gadi da likitoci da malaman jami'a. In wani ya kwanta ciwo, ko aiki ya tsaya masa, ko an yi rasuwa za a kai gawa gida, daga nan ake cirewa. Ni kaina na taɓa cin moriyarsa. Wata Juma'a na shiga ƙwallo da yaran da na girme musu nesa ba kusa ba, na tashi zan nuna musu ni ma na taɓa yi, na faɗi na karya hannu. Da aka kai maganata gaban kwamiti ko tambaya ba a yi ba. An ce wani dattijo ya ce, "Wannan bawan Allah ai ko lafiyarsa ƙalau abin tausayi ne." Aka riƙe ni har na warke.

Ciwon abokina ya fara ne da ɗan ƙaramin rauni a ƙasan ƙafarsa ta dama, wadda yake taka birki da ita. Bai ma san lokacin da ya ji shi ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, raunin ya ƙi rufewa. Da na matsa masa ya je asibiti, aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Likita ya ce dole ya ajiye tuƙi na wasu watanni, ya ɗaga ƙafar, ya riƙa zuwa wankin raunin, ya canza cimarsa. Ya faɗa masa ƙarara cewa in ya ci gaba da taka ta, zai iya rasa ta.

Maganin ba shi ne matsalar ba, domin da katin asibitinsa ana duba shi a sauƙaƙe. Matsalar zaman ce. Kamfanin ya yarda ya ba shi hutu, amma ba albashi. Ga kuɗin gado, ga abincin da likita ya ce, wanda ya fi shinkafarmu tsada, ga iyali a gida. In ya samu mai riƙe shi na waɗannan watanni, ƙafarsa ta tsira. In bai samu ba, ko dai ya koma tuƙi da ita haka, ko ya tattara ya koma gida.

Na ce masa, "Mutumina, ai don irin wannan ranar muke zubi. Mu kai maganar."

Ya ce, "Ni ban iya roƙo ba."

"Wa ya ce roƙo ne? Ni da na karye a ƙwallo roƙo na yi?"

Da ƙyar ya yarda.

Zaman kwamiti ana yin sa ne bayan sallar Juma'a, a gidan wani injiniya da ke Aziziya, mutumin kirki mai buɗaɗɗen hannu. Da safiyar ranar na ga abokina ya ciro shaddarsa guda ɗaya tilo, wadda ya ɗinka don sallah, ya goge ta, ya kafa hula, ya fesa turare. Wandon ya sauko ya rufe bandejin. Na ce ya bari a ga ƙafar mana. Ya harare ni ya ce, "Gidan mutane zan je, gaban manya. In je musu da ƙafa a waje kamar mabaraci?" Na ƙyale shi, domin ni ma da ni ne haka zan yi. Mu ba ma zuwa neman alfarma da tsumma.

Da muka shiga falo, kai ka ce shi ne mai gidan ni kuma ɗan rakiya. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne da ya fi kowa daɗewa a ƙasar, muna ce masa Baba, ya dube shi ya ce, "Malam, ya jikin?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdulillahi Baba, da sauƙi."

Na ji kamar in tsunkule shi. Amma me zai ce? Wanda ke kan gadon mutuwa ma a wurinmu da sauƙi yake cewa.

Kafin a fara magana aka kawo abinci, manyan farantai na shinkafa da naman rago. Abokina ya ja baya. Mai gida ya ce, "Haba, yalla, bismillah mana, ba a zuwa gidana a tashi haka." Don kada ya zama ya ƙi abincin mutum, ya matso ya yi 'yan lomomi. Ni kuwa na nannaɗe hannun riga na yi abin da na saba. Ba wanda ya kalli hannuna. Nasa kowa yake kallo ta gefen ido.

Da aka zo kan maganarsa na yi bayani iya iyawata. Wani dattijo da ke gefen Baba ya yi murmushi ya ce, "Ni dai ban ga alamar wahala a jikin wannan ba. Masha Allah, ka gan shi kamar ɗan kwangila."

Sai injiniya ya gyara zama. Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ba cin fuska nake nufi ba. Asusun nan gumin talakawa ne, kuma ba shi da yawa. Akwai yaron da ya faɗo daga bene yana kwance. Akwai gawar da muka kai gida kwanan nan. Waɗannan ba su da hannu a abin da ya same su. Wannan ciwon kuwa kowa ya san hanyar da yake bi ya shigo. Ni da bakina na sha ce masa ya rage karak da lemo. In muka buɗe wannan ƙofar, gobe me za mu ce wa mai shan taba in huhunsa ya lalace?"

Gaskiya ba maganar banza ya yi ba, kuma na ga kawuna suna gyaɗawa. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ni da shi tire ɗaya muke ci shekara da shekaru, kuma na fi shi ci, ga shaida yanzu kun gani. Ni da kuka taimaka wa, ƙwallo na je da ƙafata ba wanda ya aike ni. In laifi ake dubawa, ai ni ya kamata a fara hanawa."

Falon ya ɗauki dariya. Matsalar wanda aka sani da barkwanci ke nan, ranar da ya zo da maganar gaske ma dariya ake yi. Baba har da share hawaye. Ni kuwa raina ya ɓaci, domin ban taɓa faɗin abin da na fi nufi kamar wannan ba.

A ƙarshe aka yanke abin da suke gani adalci ne. Ba a hana shi ba. An ce za a duba maganar a zama na gaba, wata mai zuwa, da sharaɗin ya nuna ya kama hanyar rage nauyi. In an amince, ba za a damƙa masa komai a hannu ba, wani za a wakilta ya riƙa sayo masa abincin da ya dace.

Abokina ya ce, "Baba, na gode. Khalas, shi ke nan, a bar maganar. Allah Ya saka da alheri." Ya miƙe a hankali, ya yi wa kowa sallama hannu da hannu, ya fita yana ƙoƙarin kada a ga ɗingishinsa.

A hanya na yi ta ba shi baki. Da muka kusa gida ya ce, "Ba hanawar ce ta dame ni ba. Su suka ce in ci, kuma suna ƙirga mini loma."

Mu 'yan ɗaki muka ce za mu ɗauke masa kuɗin gado, muka ɗauka kuwa. Amma ciyar da iyalinsa ya fi ƙarfinmu, shi ma ya sani. Ba a daɗe ba ya ɗaure ƙafar ya tura ta cikin takalmi ya koma tuƙi. Duk yamma ina ganin yadda yake cire safa yana cije baki. Ranar da takalmin ya ƙi shiga gaba ɗaya, kamfanin ya sallame shi. A ƙasar nan kuwa ba kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka, ba zama. Na raka shi filin jirgi da akwatinsa guda.

A gida aka tarbe shi kamar wanda ya dawo da arziki. Ya faɗa mini a waya yana dariya cewa kwanansa na farko dangi layi suka yi, wannan zai aurar da 'ya, wancan jari yake nema. Wa zai kalli wannan jikin ya yarda ba komai a aljihu? Asibitin da zai riƙa zuwa wanki yana da nisa kuma da tsada, sai aka koma maganin gargajiya. Daga nan kiransa ya fara ja baya.

Bayan wasu watanni ƙaninsa ya turo mini hoto. Na daɗe ina kallo kafin na gane shi. Yana kwance a gadon asibiti, kumatun sun zube, wuyan ya zama kamar nawa, ƙafar dama kuma daga gwiwa zuwa ƙasa babu. Na sa hoton a zauren ƙungiyarmu na waya ban rubuta komai ba sai neman addu'a.

Kafin la'asar taimako ya fara zuba ta ko'ina. Ba zama, ba sharaɗi, ba wanda ya tambayi me yake ci. Injiniya ne ya fara bayarwa, kuma ya kira ni yana tambaya ko akwai abin da za a iya yi. Na san ba mugu ba ne. Ba mugu ko ɗaya a falon nan ranar.

Har yau in na ji ana gardamar wa ya cancanci taimako wa bai cancanta ba, nakan yi shiru in saurara, domin na san kowane ɓangare yana da abin faɗa. Asusu yana da iyaka, kuma gaskiya ne mutum yana da hakkin kula da jikinsa. Amma na ga yadda muke yanke hukuncin a zahiri. Da ido muke yi. Wasu sun kalli ƙibarsa sun ga wadata, wasu sun kalla sun ga laifi, ba wanda ya ce a ɗaga wandon a ga ƙafar. Mu da muke cin abin da aljihu ya ba mu dama, kaɗan ne a cikinmu suka zaɓi abin da ke cikin farantinsu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, taimakon da muka tara a yini ɗaya bayan an yanke ƙafar, da rabinsa aka ba shi a lokacin da ya nema, da yanzu yana tafiya a kanta.

Da taimakon ya isa hannunsa na kira shi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma barkwancin yana nan. Ya yi ta sa albarka, ya ce in gaida Baba, in gode wa kowa da kowa. Har za mu yi sallama sai ya ce, "Af, ka faɗa wa Injiniya na cika sharaɗi. An ɗora ni a sikeli jiya, na rage sosai. Ƙafar ma kaɗai ba ƙaramin nauyi ba ce."

Ya yi dariya, ni na kasa. A zama na gaba na miƙe na isar da godiyarsa ga kowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya ce. Ɗaya saƙon kuwa har yau yana wurina.