Rijiyar Mahaifina da Ƙarafa Biyu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya haƙa rijiya a ƙofar gidanmu a Andarai domin kowa ya ɗiba. Ranar da aka ɗaure bakinta da siminti ni ya sa na rubuta sunansa da ajami tun bai bushe ba. Ruwanta yana da ɗan gishiri-gishiri kamar na sauran rijiyoyin wajenmu, kuma da shi muka girma. Bayan rasuwarsa, duk gugan da aka jefa sai in ji daɗi, don na san lada tana isa gare shi.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya zauna Jega ya samu hali, ya dawo ya haƙa burtsatse yana sayar da ruwa. Ba a cika zuwa wurinsa ba, tunda ga na kyauta. Wata Juma'a da hantsi ya zo da ƙaramin janareto da wata na'ura mai ƙarafa biyu, yana tsokanata kamar kullum, wai ni bawansa na tsufa ban san zamani ba. Ya ce gwajin lafiyar ruwa zai yi mana. Mata da ke ɗiba suka taru.

Ya tsoma ƙarafan a kofin da ya ce na burtsatsensa ne, ruwa ya zauna garau. Ya tsoma a namu. Nan da nan ya fara kumfa, ya koma ja, sannan baƙi-baƙi da dauɗa tana yawo a sama.

"Malam, dubi abin da kake ba jama'a," in ji shi. "Wanga lada ce ko alhaki?"

Na ji tsoron Allah. A makon nan na sa aka rufe rijiyar da kwano, aka danne da duwatsu, har na je gidansa na yi godiya.

Damina ta wuce, ɗiyata da ke karatu a Aliero ta dawo hutu, na ba ta labari. Ta samo ƙusoshi biyu da waya da batirin babur. Ta tsoma su a tataccen ruwan da ake zuba wa batir, babu abin da ya faru. Ta barbaɗa gishirin miya kaɗan, sai ga kumfa, ga jan nan yana fita daga jikin ƙusa. Ta ce ruwa zalla ba ya ɗaukar lantarki, gishirin da ya narke a ciki ne ke ba wuta hanya, ita kuma wutar ta ci ƙarfen. Dauɗar da muka gani tsatsa ce. Ko ruwan burtsatse aka gwada, haka zai yi.

Na sami taubashina bayan La'asar na tambaye shi ko tataccen ruwan batir ne a kofin farko. Bai musa ba. Dariya ya yi, ya ce tsakanin taubasai ai akwai wasa, kuma shi ma yana da iyali.

Na ce, "Kawunka ne fa a kabari."

Ya duƙar da kai yana jan carbi.

Na buɗe rijiyar, aka yashe ta, na yi bayani a masallaci, na sha ruwan a gaban mutane. Suka ce Allah ya saka da alheri, Malam. Amma sun riga sun ga baƙin ruwa da idonsu. Yanzu da safe matan unguwa suna wucewa ta gabanta da jarkokinsu, su gaishe ni da ladabi, su miƙe zuwa burtsatse.