Buhun da na ɗaga a gonar surukina

'Yan uwa, kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da ku, ku yafe mini, kwance nake.

Bara lokacin girbin shinkafa na tashi daga Kalgo zuwa Masama, gayyar surukina. Kun san gayyar surukai: ba a zama, ba a cewa an gaji. Tun da hantsi ƙuguna ke ciwo, na daure. Da aka zo lodi, ƙannen matata suna kama buhu ɗaya su biyu-biyu, ni kuwa na ce su matsa. Na sunkuya ƙafafu a miƙe, na fizgo shi ni kaɗai.

Wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu. Na kai buhun mota ina murmushi.

A gida kowa ya zama likita. Aka ce basir ne, na sha jiƙo. Aka yi mini ƙaho. Sai wana ya sa na kwanta rub da ciki, ya hau bayana yana takawa, kamar yadda ake yi wa tsofaffinmu in sun dawo gona. Da ya sauka, ƙafar ta daina ciwo. Na yi murna, ashe mutuwa ta fara yi. Takalmi ya riƙa fita ban sani ba.

Matata Hadiza ce ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Malam, wagga ƙafa ba ta jiƙo ba ce. In ba ka tai asibiti ba, ni zan gaya wa Baba komi."

A Birnin Kebbi aka tura ni cikin na'urar hoto mai ƙara kamar injin niƙa. Raguna biyu suka tafi a nan. Likita ya soka mini allura a tafin ƙafa, ban ji ba. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya, takawar nan kuma ta ƙara.

Na tambaye shi ko zan sake tafiya ba sanda. Ya ce, "Mu gwada gashin ƙashi. In bai yi ba, sai aiki."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Manomin da ba ƙafa, me zai ci da iyali?

Watanni ina zuwa gashi, ana koya mini motsa jiki kamar mai koyon tafiya. Salla a kujera. Rani ya wuce, fadamata ba ko dashe.

Alhamdu lillahi, yanzu na ajiye sanda. Allah Ya saka wa Hadiza da masu gashi da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, in za ku ɗaga kaya, ku durƙusa, ku jawo shi jikinku, ku kira wani ya kama muku. In kuna dashe ko yanka, ku riƙa miƙewa, ko wa zai yi dariya. Kada ku bari a taka muku baya. In ciwo ya sauka ƙafa ko ta fara mutuwa, ranar ku tafi asibiti.

Ƙafar ta dawo, amma har yau ina ɗan janta. Likita ya ce wannan ragowar da ita zan zauna. Shekarata talatin da huɗu.