Motar Baba da Sondi Uku

Motar babanmu ta riga ta tsufa kafin ta zo hannunsa. Ta sha tafiya a wata ƙasa, ta sake shan wata a Damagaram, sannan ya saye ta a shekarar da ya bar aiki. Rayuwarsa duka a duba dabbobi ya yi ta a yankin Damergu, allurar shanu da ɗaurin ƙafar raƙumi, kullum bisa babur. Da ya samu abin hawa mai rufi da ƙofa huɗu, ko Inna ba ta isa ta ɗora kwano a kan motar ba. Ruwan toka ce, kujerar baya ta lotse a gefe guda, cikinta kuma warin maganin kaska bai taɓa fita ba.

Lokacin ina koyarwa a Gangara. Ran Lahadi bayan la'asar Baba ke kai ni daga gidanmu a Tanut, ran Juma'a ya ɗauko ni. Ban taɓa samun hira da shi irin ta wannan hanya ba. A gida mutum ne mai ƙarancin magana, amma da ya riƙe sitiyari sai bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini rijiyar da ya taɓa kwana uku a bakinta yana jiran garke, ya nuna gonar da aka yi rigima a kanta tun ina goye. Makiyaya sukan tare mu, ya fita ya buɗe bakin tunkiya ya duba, ni kuwa ina zaune ina gyaran takardun yara a cinya.

Wata ranar damina, gero ya kai ƙugu, wata ƴar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Motar ba ta tsaya ba, sai dai ta fara shan isansi, wato fetur, kamar ana zubarwa, in an tsaya kuma ta riƙa karkarwa. Muka kai ta garejin Kawu.

Kawu taubashin Baba ne, tare suka tashi, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin sun gaisa ba tare da tsokana ba. Garejinsa rumfar kwano ce da rami guda a ƙarƙashin iccen bedi.

"Likitan awaki, me ka ba ta ta ci?" in ji shi.

"Abin da ka ba ta wancan karon ne bai narke ba," in ji Baba.

Kawu ba shi da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, sai da aka je Damagaram. Can aka ce sondi ne ya mutu. Kawu ya nuna mini shi: wani ɗan ƙarfe kamar buji, wato fulogi, mai wutsiyar waya, ɗaure a jikin bututun hayaƙi. Ya ce aikinsa shinshina hayaƙin da ke fita, ya gaya wa injin ko ya ƙara isansi ko ya rage. Aka sa sabo, fitila ta mutu, muka koma hanyarmu.

Ba a gama girbi ba ta sake kamawa. Baba ya ce jabu aka sayar masa. Kawu ya ce mai yiwuwa, ya aika aka kawo wani daga Kano. Wannan karon ya bi wayar da yatsa tun daga bututu har cikin inji, ko ciyawa ta ja ta, ko zafi ya cinye ta. Lafiya lau take. Ya ce wa Baba ya daina sayen isansin kwalba na bakin hanya. Baba ya daina, yana ƙunƙuni. Wata uku, fitila ta dawo. Aka sa na uku, shi ma bai kai azumi ba.

A nan ne wasan nasu ya fara ɗaci. Baba ya ce a gida, Inna na ji, wai hannun Kawu ya tsufa. Maganar ta kai kunnen Kawu, ban san ta wace hanya ba. Sati biyu bai leƙo gidanmu ba, shi da ba ya wuce kwana biyu bai zo shan fura ba.

Ran wata Asabar ya aiko a kawo motar, ya ce in zo tare da Baba. Muka same shi ya shimfiɗa buhu a kan benci, ya jera matattun sondin nan uku da aka saya. Ashe bai yar da ko ɗaya ba. Bai tare mu da tsokana ba ranar.

"Malama, idonki ya fi namu. Me kika gani a bakinsu?"

Na ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Kowanne bakinsa ya yi fari, kamar an tsoma shi a garin alli. Na faɗa masa.

"To. In mota na ƙona luwul, baƙin man inji, bakin sondi baƙi zai yi ko ya yi ɓawo. Na duba buji, na duba hayaƙi, ba ta ƙonawa sosai. Na auna ruwan lagireto sati guda, bai ragu ba. Wannan farin, wani abu ne ake ba ta. Ni ban ba ta ba." Ya juya ya dubi Baba. "Wa ke taɓa injin nan ban da ni?"

"Ba kowa," in ji Baba.

Ni kuwa da zuciya ɗaya na ce, "Sai dai ɗan gam ɗin da Baba ke shafa mata."

Har yau ina tuna yadda Baba ya dube ni. Ban san asiri ba ne. Na saba ganinsa da safe bayan ya karya, ya ɗaga murfin gaba, ya kwance marfin saman inji inda luwul ke tsattsafowa, ya goge, ya matsa wani farin gam mai warin tsami ya mayar. Ragowar wanda aka liƙe gilashin tagoginmu da shi ne, da ya ƙare ya sayo wani. Ba ya son ganin ɗigon mai a ƙasan zaure, kuma ba ya son Kawu ya ce motarsa na yoyo.

Kawu ya kwance marfin. Ga gam nan ya yi kauri, sabo a kan tsoho, har ya zazzago ciki. Ya ɓantaro kaɗan ya kai hanci, ya miƙa wa Baba. Ya ce in inji ya yi zafi, tururin wannan abu na bin ɗan tiyo ya koma inda ake ƙona isansi, ya fita da hayaƙi, ya toshe hancin sondi. Ko guda goma aka sa, haka za su bi juna.

Baba ya daɗe yana juya ɓantaren a hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Sau nawa na yi wa makiyayi faɗa don ya ɗura wa saniya magani kafin ya kira ni."

Na zaci Kawu zai yi dariya har ya faɗi. Bai yi ba. Ya ce, "Kawo mini wancan tsumma," suka duƙa su biyu suna kankare gam, ni ina riƙe musu kwanon kusoshi. Sai da aka sa sabuwar roba a marfin, aka canza luwul, aka ɗaura sondi na huɗu, Kawu yana wanke hannu, sannan ya ɗaga murya yadda duk masu shayin gefen gareji za su ji: "Jama'a, ku ɓoye tagoginku, likitan awaki ya fara gyaran mota!"

Muka koma gida. Washegari da zai kai ni Gangara, mun wuce rabin hanya, ya ce, "Ke bakinki ba ya da marfi." Na ce ya yi haƙuri. Ya yi murmushi, ya ce gara da na faɗa, shi da kansa ya fara zargin abin tun sondi na biyu, kunya ce ta hana shi.

Sondi na huɗu bai sake mutuwa ba. Shekara biyu bayan haka aka mayar da ni Tanut, tafiyar Lahadi ta ƙare. Daga baya idon Baba ya yi rauni, ya ba wa ɗan ƙanensa da ke Belbeji motar, da sharaɗin kada kowa ya taɓa injinta sai Kawu. Kawu ya riga Baba rasuwa da damina ɗaya. Bara na je bikin suna a Belbeji, na gan ta a bakin kasuwa, an cire kujerar baya, an cika wurin da buhunan wake. Na tsaya na gaisa da wani yaron gidanmu da ke tuƙa ta yanzu, ya ce in shiga ya kai ni tasha. Na shiga gaba na zauna, ya tayar da ita bugu ɗaya.