Ranar da Na Ari Rigar Baba

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan manta ranar da muka yi wasan kwaikwayo a makarantarmu ta Faskari ba. Malaminmu na Hausa ne ya kawo wani tsohon wasa na masoya biyu da rigimar iyayensu ta raba, har baƙin ciki ya kashe su. Ni saurayin na so in fito, don akwai wadda nake so ta gan ni. Sai Malam ya ce ni ne uban yarinyar, dattijo mai taurin kai. Haba! Na cika na batse.

"Kai, ba ka da wayo," in ji Malam. "In babu uban nan, wa zai raba su? Ai sai a ɗaura aure kowa ya kama gabansa."

Don haushi na ɗauko babbar rigar Baba ba da saninsa ba. Na kwaikwayi gyaran muryarsa, da yadda yake kaɗa yatsa in ya ce, "Na gama magana." A lokacin Baba ya shekara shida ba ya magana da ƙaninsa na Damari saboda iyakar gona, mu ma an hana mu zuwa can. Wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Ina tsakiyar wasa na hango Baba a layin gaba. Jama'a sun gane wanda nake kwaikwayo, sai dariya suke. Amma da aka zo inda dattijon ya durƙusa gaban gawar 'yarsa yana neman gafarar wadda ba ta ji, wurin ya yi tsit. Baba ya sunkuyar da kai.

A gida duka nake jira. Ya kira ni, ya daɗe yana kallona.

"Haka nake?"

Tausayinsa ya kama ni, har na ji ƙwalla.

"Ɗauko mashin, ka kai ni Damari."

A gona muka tarar da ƙanin nasa. Yana ganinmu ya yar da fartanya, ya taho da sauri yana cewa, "Yaya!" Suka riƙe hannun juna, ba wanda ya ambaci iyaka.

Ranar na gane cewa masoya ake yi wa kuka a wasa, amma a jikin wanda ya raba su mutum ke ganin kansa. Tun daga nan ban ƙara raina wurin da aka ba ni in tsaya ba.