Bashin da Baba Bai Ci Ba

Babana ba ya cin bashi. In sukari ya ƙare a gida, gara ya sha shayinsa haka nan da ya ce wa mai kantin unguwa ya rubuta masa. Amma bara aka wayi gari ana bin sa sefa miliyan biyu da jaka ɗari huɗu (jaka ɗaya sefa dubu ke nan), kuɗin atamfar da ko turmi ɗaya bai shigo gidanmu ba.

Sunansa Malam Sadi. A nan Abidjan kuwa, daga unguwar Treichville har Adjamé, Sadi mai masauki ake ce masa. Yana da shekara goma sha tara ya baro Bichi a bayan motar masu fataucin goro, ya yi dako shekara takwas a tashoshin Adjamé, a nan ya koyi Julanci da Faransancin kasuwa. Wani dattijo mai saukar baƙi ya ga yana da riƙon amana ya ja shi a jiki. Da dattijon ya rasu, baƙinsa suka ci gaba da zuwa wurin Baba. Ɗaki biyar muke haya a wani gida a Treichville, biyu namu, uku na baƙi.

Ga yadda sana'ar take. Ɗan kasuwa ya taso daga Kano ko Katsina, bai iya Faransanci ba, bai san hanya ba. Baba ya tarye shi a tasha, ya ba shi ɗaki, Inna ta ba shi abinci, Baba ya ajiye masa kuɗinsa, ya kai shi wurin masu sari ya yi masa ciniki. In kuɗin baƙon bai kai ba, sai Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce wa mai kaya, "Nawa ne, na tsaya masa." Shi ke nan, a ɗaure kaya. Bayan wata biyu baƙon ya dawo ya biya, Baba ya samu la'adarsa. Da wannan la'ada ya biya min makaranta har na gama jami'a a Cocody. Lissafin kuɗi na karanta, takardar digirin kuma tana cikin jaka shekara ɗaya da rabi, ba aiki.

Wani baƙonmu, Nomau, ya sauka gidanmu sau uku lafiya lau. Mutum ne mai fara'a, yana kawo wa Inna kuka da daddawa daga gida, yana yi min tsiya wai Hausata ta sha ruwan teku. Zuwansa na huɗu ya ɗauki atamfa dila huɗu a shagon Alhaji Badaruddeen, a bakin Baba. Wata biyu suka wuce, uku, huɗu. Wayarsa ta daina shiga.

Ranar da Alhaji Badaruddeen ya aiko, na raka Baba Adjamé. Shagon yana ciki can, sai ka ratsa masu tura baro da yaran gbaka, ƙananan motocin haya, masu ihun sunayen unguwanni. Alhaji ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya tambayi Inna, ya tambayi hawan jinin Baba, sannan ya zo kan magana.

"Malam Sadi, ni ma akwai masu bi na. Kwana arba'in zan iya ba ka. In sun wuce ba zan kai ka kotu ba, Allah ya kiyaye. Amma 'yan layin nan za su tambaye ni ya muka ƙare, ni kuma ba zan yi musu ƙarya ba."

Baba ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji."

Ko ni na gane abin da ake nufi. Ranar da aka ji a layin atamfa cewa Sadi ya tsaya wa mutum bai cika ba, babu mai sake ba shi ko ƙyalle. Sana'ar shekara talatin ta ƙare ke nan, da ita kuma muke ci.

A cikin bas muna dawowa na kasa haƙuri.

"Baba, ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Wadda Nomau ya sa wa hannu. Ko hoton katin shaidarsa ma."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Madam Kontabul mai lissafi, mutumin nan sau nawa ya ci tuwon uwarki? Sai in ce masa kawo katinka?"

"To yanzu tuwon ne zai biya?"

Ya juya yana kallon ruwa har muka gama haye gada.

Abin da muke da shi a gida bai kai jaka ɗari biyu ba. Na ce a buɗe rukuni a waya a sanar da 'yan uwa da abokan arziki, kowa ya tura abin da ya samu. Baba ya ce in na yi haka ya bar min gidan. Shi taimako ma yana da hanyarsa, in ba ta nan ya biyo ba, ba ya so.

Ta hanyarsa kuwa ya zo, a hankali, kamar ba a san da maganar ba. Balaraba uwar adashensu Inna ta shigo da hantsi ta ce ita ta ruɗe da jerin kwasa, ashe wannan watan na Dije ne, wato Inna. Kowa ya san na Inna sai bayan wata biyar. Jaka ɗari biyar ke nan. Malam Abdurrashid, limamin masallacin layinmu, ya bi sauran masu masauki ɗaya bayan ɗaya, ranar Juma'a ya zo gaisuwa, da zai tafi ya manta wani ƙullin leda a ƙarƙashin tabarma. Jaka ɗari shida. Inna ta kai sarƙarta da 'yan kunnenta wurin maƙerin zinariya. Wata mai albasa a kasuwar Gouro, Zuwaira, wadda Baba ya taɓa sama wa wurin zama shekarun baya, ta zo da jaka talatin duk a cukurkuɗe suna warin albasa, ta ce wa Inna, "Yaya, kar ki gaya wa Malam, ki ce tsintuwa kika yi."

Kowane kuɗi ya shigo, Baba sai ya ƙara shiru. Washegari kuma ya sa babbar rigarsa ya tafi ƙofar mutumin a ƙasa, su gaisa, su yi hirar tsadar shinkafa, ya dawo ba tare da ɗayansu ya ambaci kuɗi ba. Ni ina ƙirga kwanaki, shi yana yawon gaisuwa.

Saura kwana goma muna da miliyan ɗaya da jaka ɗari bakwai. Saura jaka ɗari bakwai, kuma duk wanda zai iya bayarwa ya riga ya bayar.

A ranar ne wani baƙonmu ya ba ni wayarsa in gyara masa, yana hira ya ce ai Nomau yana nan kalau, har ya buɗe shago a kasuwar Kwari a Kano, yayansa Alhaji Sharhabilu ne ya kama masa. Na kwafi lambar yayan daga wayar. Na samu Baba a ƙofar gida yana yanke farce, na gaya masa.

Ya ce, "Na sani tun watan jiya."

"Ka sani? Inna ta sayar da sarƙarta kana sane?"

"Zauna, Firdausi." Ban zauna ba. "Mutanen nan da kike gani, ba ɗaki suke zuwa nema wurina ba, ɗaki ko'ina akwai. Na san wanda jarinsa ya karye yana rufawa. Na san wanda ke juya kuɗin matarsa. Na san wanda iyalinsa suke zaton miliyoniya ne alhali da bakina yake sari. Suna kwana a gidan nan ne don sun san maganarsu ba ta bin su gida. Ranar da aka ce mai masauki ya kai ƙarar baƙo wurin danginsa, wa zai sake ajiye min sirrinsa?"

"Shi Nomau ɗin ya riƙe naka?"

"Wannan tsakaninsa da Allah. Zai kawo."

"Yaushe? Bayan an rufe maka layi?"

"Na ce kar a kira kowa."

Kwana biyu na yi da lambar nan a wayata. A rana ta uku da azahar na tafi bakin tashar jirgin ruwa, inda ƙarar inji ba za ta bari wani ya ji ni ba, na kira.

Alhaji Sharhabilu ya saurare ni har na gama. Na faɗi dila huɗu, na faɗi kwana arba'in, na faɗi sarƙar Inna, na faɗi jaka ɗari bakwai da suka rage. Da na ji ya yi shiru sai tsoro ya kama ni kar ya kashe wayar, na ƙara da cewa in ba a biya ba duk 'yan kasuwar da ke zuwa Abidjan za su ji labari.

Ya ce, "Yarinya, mahaifinki ne ya sa ki kira ni?"

Na san in na ce ni kaɗai ce, zai ɗauke ni yarinya mai rashin kunya ya share. Na ce, "E, shi ne."

"To madalla. Ki ce masa na ji."

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, wani mai canji a Adjamé ya kira Baba ya ce an turo masa saƙo daga Kano, jaka ɗari bakwai daidai, ya zo ya karɓa. Muna tsakar gida Inna na tsince shinkafa. Baba ya sauke wayar daga kunnensa ya dube ni. Ya shiga ɗaki ya sa hula.

Alhaji Badaruddeen ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya riƙe hannun Baba ya fito da shi har bakin shago, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Malam Sadi, ko dila goma kake so yau, ɗauka." Ina tsaye a bayansu cike da murna. Na ɗauka mun fita daga matsalar ke nan.

Baƙi tara ne ke sauka wurinmu a kai a kai. Bayan mako uku Baba ya je tarye biyu daga cikinsu, ya tarar wani mai masauki na Adjamé ya riga ya ɗauki jakunkunansu. Suka gaishe shi da ladabi, suka ce wannan karon suna son kusa da kasuwa. Na uku ko waya bai yi ba, a layin atamfa Baba ya gan shi. Kafin azumi shida sun tafi. Labarin da ya zaga Kwari shi ne Sadi ya sa 'yarsa ta kira yayan baƙonsa tana barazanar tona asiri. Ba wanda ya tsaya tambayar me baƙon ya yi. Nomau yana shagonsa har yau, an ce ma ya ƙara na biyu.

Na ce wa Baba zan kira Alhaji Sharhabilu in gaya masa ƙarya na yi, ba shi ya sa ni ba.

"Sai a ce na ɓuya a bayan 'yata. Bari."

"Baba, da ban kira ba, da an rufe maka layi."

"Haka ne."

"Da na kira kuma, baƙi sun tafi."

"Haka ne."

"To me ya kamata in yi? Ka gaya min!"

Ya murza carbinsa. Ya ce, "Ban sani ba, uwata. Ni ma da kika gan ni ina yawon gaisuwa, ban sani ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Har yanzu na kasa yarda cewa na yi laifi, na kasa yarda cewa ban yi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne duk layin atamfa yanzu a buɗe yake gare shi, masu kaya har kiran sa suke yi, amma babu wanda zai kai musu.

Inna tana ci gaba da zubin adashen da ta riga ta kwashe. La'adar baƙi uku ba ta biyan hayar ɗaki biyar. Mai gidan ya yi mana haƙuri wata biyu, a na uku ya ce a zaɓa. Ranar Asabar da ta wuce Baba ya buɗe ɗakuna biyu na baƙi, ya naɗe katifu da tabarmi, ya kwashe butoci, ya ciro ƙusoshin da ake rataye riguna. Na zo zan kama masa katifa ya ce in bari, akwai ƙura. Shi kaɗai ya share ɗakunan, ya kulle, ya kai wa mai gidan makullai. Wani tela ne zai shiga ɗaya ranar ɗaya ga wata.