Baƙin man da Kawu ya zaɓa a Guangzhou

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da 'yan uwanmu ba su cika unguwar Xiaobei ba, na taɓa zuwa Guangzhou tare da kawuna, yayan mahaifiyata. Ni kayan gyaran mota nake sarowa, shi kuwa bakanike ne da ya tsufa a cikin sana'ar a Kano. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina.

A lokacin garejinsa ya yi sanyi. Yaran da ya koya wa aiki sun buɗe nasu, masu motoci sun bi su, har ana raɗe-raɗin wai zamani ya wuce shi. Sai ya wuni a kan benci babu wanda ya ce masa ci kanka. Mahaifiyata ce ta kira ni ta ce, "Ka tafi da kawunka ya zaɓa maka kaya, ya san har yanzu ana buƙatarsa. Kuma don Allah kar ka bari ya ji kunya a ƙasar mutane."

Akwai wani Basine da nake sayen kaya a wurinsa, muna kiransa laoban, wato maigida. Mutum ne mai fara'a, amma yana da wata cuta guda: tseren mota. A bayan shagonsa yake ajiye wata jar mota da ya fi kula da ita fiye da cikinsa. Irin tserensu gajere ne. Motoci biyu su jera a miƙaƙƙiyar hanya, babu kwana, kafin ka gama gyara hula an gama.

Ranar wata Asabar muka tarar ana shirin yi wa jar motar juyen baƙin mai, domin washegari laoban zai kara da surukinsa, wanda ya daɗe yana yi masa dariya. Kawu ya matsa ya tsoma yatsa a man da za a zuba, ya murza, kamar yadda kowane bakaniken Kano yake yi. Nan take ya ɓata fuska.

"Kai ɗan nan, gaya masa wannan ruwan shayi ne, ba baƙin mai ba. Zai kashe injinsa."

A wurinmu ai haka aka sani. Motocinmu tsofaffi ne, ga zafin rana, saboda haka mai kauri shi ne mai kyau. Kawu ya leƙa cikin shago ya ɗauko galan ɗin da ya fi kowanne kauri, irin wanda laoban yake ajiyewa don 'yan kasuwar Afirka, yana zuba kamar zuma.

Laoban ya fara bayani da guntun Turancinsa, yana haɗawa da hannu. Na ɗan gane yana cewa gajeren tsere ya fi son mai maras nauyi, musamman da sanyin nan. To ni da ban san bambancin baƙin mai da man gyaɗa ba sai a kwalba, ina zan sa baki a maganar manya? Na dai fassara yadda zan iya.

Kawu ya ce, "Tun kafin a haife shi nake kwance inji."

Wannan kam ban fassara ba. Amma laoban ya dubi furfurar Kawu, ya dubi ma'aikatansa da suka tsaya suna kallo, sai ya yi murmushi ya ce, "Shifu, okay." Shifu shi ne gwanin sana'a a wurinsu. Aka zuba man Kawu. Rabon da in ga kawuna yana tafiya da ƙafa irin ta ranar har na manta. A masauki ma ya cinye tuwon shinkafar da ya saba turewa.

Da safe muka fita bayan gari, wata sabuwar hanya kusa da masana'antu wadda ba a fara bi ba tukuna. Sanyi har cikin ƙashi. Motoci suka jera, wani ya ɗaga tsumma ya sauke. Jar motar ta tashi da ƙara, amma tun daga farko ta surukin ta ɗan ba ta rata, haka kuma aka ƙare. Surukin ya fito yana tafi yana shewa, laoban yana ta dariyar yaƙe.

Na juya wurin Kawu. Ashe bai ma kalli tseren ba, idonsa a rufe yake, ya karkata kai yana saurare.

"Injin nan jan nauyi yake," ya ce a hankali. "Man nan ya riƙe shi."

Na ce, "Haba Kawu, direba ne dai bai..."

"Yi min shiru. Ina da kunne."

Ya cire babbar rigarsa ya miƙa min, ya shimfiɗa kwali, ya nemi sifana, ya shige ƙarƙashin motar a gaban kowa. Da hannunsa ya kwance ya tsiyaye man da ya zaɓa. Da ya fito ya ce in tambaya ko za a aika gari a kawo wancan man maras nauyi na jiya. Sai laoban ya je ya buɗe bayan motar da muka zo a cikinta. Ga galan ɗin man nan a ajiye, har da mazurari.

Kawu ya daɗe yana kallon galan ɗin. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Aka zuba man, amma surukin bai yarda a sake tseren ba, ya ce ya ci abinsa. Sai laoban ya buɗe wa Kawu ƙofar gaban jar motar ya ce, "Shifu," ya nuna masa kujera. Suka bi hanyar su kaɗai. Daga inda nake na hango iska ta fizge hular Kawu ta taga. Da suka dawo, tsohon nan yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Ka ji muryarta yanzu? Ka ji?"

Sai da muka koma masauki ya ce min, "Mutumin nan tun jiya ya san zai faɗi. Ya zaɓi a yi masa dariya da a yi min."

Da muka dawo Kano mahaifiyata ta tambaye ni ko Kawu ya ji kunya. Kafin in amsa ya karɓe zancen, ya ba ta labarin duka da bakinsa, bai rage komai ba. Daga nan kuma duk tafiyar da zan yi sai ya ba ni ƙullin kilishi ya ce in kai wa abokinsa, alhali ko kalma ɗaya ta harshen juna ba su sani ba.

Kawu ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Na sha ganin masu ilimi, amma wanda zai san shi ne da gaskiya kuma ya haɗiye ta don kar tsoho ya kunyata, ban ga da yawa ba. Na kai wa laoban labarin rasuwar. Ya shiga bayan shago ya fito da hular Kawu da ya tsinto a bakin hanya tun ranar tseren, ya wanke ya adana, ya sa min ita a hannu.