Zogalen Mama Ladi

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan Gudu ba. Lokacin ana gaggawar kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, ni kuma ina ƙaramin malamin gona. Aikina shi ne in riga katafila isa wuri, in shafa wa manyan itatuwan da za a bari jan fenti. Duk wanda bai samu fenti ba, ƙasa zai sha.

Titi ne zai ratsa ƙauyen, an riga an kwashe mutanen zuwa sabon matsuguni. Amma da na isa sai na tarar da wata tsohuwa zaune a gindin shingen zogale, ta miƙe ƙafafu. Sunanta Mama Ladi, ita ce ungozomar garin.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi gwangwanin fentina ta ce, "Yaro, shafa wa wannan."

Na ce, "Mama, tsakiyar titi yake. Ba ni da iko."

Ta ce, "To ni ma ba ya tashi. Can da kun kai mu, jan ƙasa ne kawai. Mace ya haihu, nono babu, me zan dafa mishi?"

Sai ta shiga yi mini bayani da Hausarta. Miyar ganyen take bai wa mai jego, garinsa take zubawa a kunun yaron da aka yaye, ƙwayarsa kuma take dakawa ta jefa a ruwan rafi ya kwanta. Na san gaskiya ta faɗa, domin da kwaɗon zogale aka raine ni a gidanmu.

Ceton shingen ba zai yiwu ba. Amma zogale ba sai da iri ba: in ka sari reshe mai kauri ka kafa, zai kama. Ga shi damina ta fara sauka.

Na tafi wurin injiniyan da ke kula da aikin. Na ce, "Oga, ina roƙon katafila ta fara daga wancan gefen, kuma a ara mini tifa ɗaya."

Ya cire tabarau. "Ministoci na hanya, kai kana mini maganar ganye?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai mu kwashi reshe, ko mu ciccibi tsohuwa a gaban jama'a. Ni dai ba zan taɓa ta ba."

Ya ce in ɗauki tifar bayan ta sauke yashi. Amma in katafila ta tsaya jirana, takardar tuhuma zan samu. A aikin gwamnati wannan takarda kan iya hana mutum ƙarin girma, ni kuwa ina jiran nawa.

Mama Ladi ta aika sabon matsuguni aka kira matan garin. Muka hau sara da adda, ina nuna musu tsawon da za a yanka, suna zage ganyen a zannuwa don kada ya tafi a banza. Hannuna ya yi kanta ya fashe. Ƙarar katafila na matsowa, direban yana ɗaga mini hannu in yi sauri. Muna jefa damin ƙarshe a tifa, ya tura katangar farko.

Kafawar ma a sabon matsugunin ba ta zo da sauƙi ba. Gara ta cinye wasu, awaki suka ɓare wasu. Duk Asabar nakan hau babur in je, mu barbaɗa toka a gindi, mu kewaye da ƙaya. Kafin kaka, galibinsu sun yi toho, kowane gida ya samu nasa. Mama Ladi ba ta taɓa yi mini godiya da baki ba. In na je, kwano kawai take turo mini.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. A makaranta an nuna mana auna itace da kaurinsa da inuwarsa. Wannan bai isa ba. In an tura ku share wuri, kada ku tsaya wurin mai unguwa kaɗai. Ku shiga ta bayan gida, ku tambayi mata abin da suke tsinka in tukunya na kan wuta.